Yadda Za Ka Share Yashin Hotunan Mikroskop da Koyo Mai Zurfi, Ka Bar wa Kwamfuta Ƙirga

Wannan jagora na rubuta ta ne domin ɗalibin mastar ko na dokta a Jami'ar André Salifou, da ma'aikacin labo a nan Damagaram, wanda hotunan mikroskop mai tsallake iyakar haske suka shigo hannunsa. Wani abokan bincike ne suka turo masa daga waje, wani horo ya je ya dawo da su a faifai, wani kuma sauke su ya yi daga rumbunan da ke buɗe ga kowa irin su BioImage Archive da Zenodo. Kukan dai ɗaya ne: hotunan sun yi yashi-yashi, kuma sun yi yawan da ido ba zai iya ƙirga abin da ke ciki ba. Ragar koyo mai zurfi, wato manhajar kwamfuta da ke koyon aiki daga misalan hotunan da aka nuna mata, tana maganin duka biyun. Sai dai hoton da raga ta share hasashenta ne. Da shi za ka gano inda abu yake, amma awo a ɗanyen hoto ake yin sa, wato hoton yadda ya fito daga na'ura. A kan wannan aka gina dukan matakan da ke ƙasa.

Ka fara sanin irin hoton da ke hannunka

Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna a Jena cewa mikroskop na haske ba ya raba abubuwa biyu da suka matsi juna fiye da kimanin rabin tsawon zangon hasken, wato wajen nanomita 200 zuwa 250 (nanomita 1,000 ne maikromita ɗaya). Jar ƙwayar jini, mai faɗin maikromita 7 zuwa 8, ana ganinta sarai. Amma ƙullutun da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, ke fitarwa a fatar jar ƙwayar da ta shiga, waɗanda ke sa ta manne a jijiyoyin jini, ba su cika wuce nanomita 100 ba. A mikroskop na yau da kullum sai su haɗe su zama hazo.

Hanyoyin tsallake wannan iyaka kowace da halinta, kuma halin ne zai gaya maka ragar da ta dace. STED, wadda Stefan Hell ya kawo tunaninta a 1994, tana bin samfur da aka yi wa rini mai ƙyalli ɗigo bayan ɗigo, tana kashe ƙyallin gefe ta bar na tsakiya. SIM, wadda Mats Gustafsson ya bayyana a 2000, tana haska samfur da zane mai layi-layi, ta ɗauki hotuna 9 a shimfiɗe ko 15 idan da zurfi, sannan lissafi ya haɗa su, kaifin gani ya ninka sau biyu. PALM da STORM, dukansu na 2006, suna sa ƙwayoyin rini su yi ta kunnuwa suna mutuwa, a ɗauki dubban hotuna, a lissafo tsakiyar kowane ɗigo, har a kai wajen nanomita 20. A kan wannan fage ne Hell da Eric Betzig da William Moerner suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2014.

Akwai ta huɗu da ta fi kusa da aljihunmu. A 2015 ɗakin binciken Edward Boyden a MIT ya fito da dabarar kumbura samfur: a zuba shi cikin wani jel mai shan ruwa, ya buɗe kusan sau 4 da rabi ta kowane ɓangare, sai a duba shi da mikroskop mai ƙyalli na yau da kullum. An yi ta amfani da ita a kan Plasmodium. To amma ka lissafa: 4.5 sau 4.5 sau 4.5 ya haura 90. Rinin da ke wuri ɗaya ya bazu a fili mai girman haka, hoto ya dusashe, yashi ya ƙaru.

Daga ina yashin yake fitowa

Haske ƙwaya-ƙwaya yake sauka a kan kyamara, ana ce wa ƙwayar foton. Dubi daɓen siminti idan yayyafin farkon damina ya fara: wani taki ya samu ɗigo uku, na kusa da shi ko ɗaya, alhali gajimare ɗaya ne a samansu. Sai ruwa ya kece sosai daɓen ke jiƙewa bai-ɗaya. Haka fiksel-fiksel na kyamara suke. Fiksel da ya kamata ya karɓi foton 100 zai riƙa kaiwa da komowa da kimanin 10, wato kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya karɓi 10,000 da 100 zai riƙa kaiwa da komowa, kashi 1 kacal. Kyamarar ita ma tana ƙara nata yashin wajen karanta fiksel, kuma irin sCMOS wani lokaci takan bar layuka a kwance ko a tsaye.

Mutum zai ce to a ƙara haske mana. Haske mai ƙarfi yana ƙone rini ya daina ƙyalli, idan kuma ƙwayar mai rai ce ya jigata ta ko ya kashe ta. Dalilin da ya sa ake rage haske da gangan ke nan, a nemi lissafi ya cike giɓin.

Mataki na 1: killace ɗanyen hoto

Kafin ka taɓa komai, kwafi hotunan yadda suka fito daga na'ura zuwa wuri biyu, ɗaya a faifan waje da ba ya zama jone da kwamfuta. Fayil ɗin Zeiss yana ƙarewa da .czi, na Nikon .nd2, na Leica .lif. Fiji, manhajar kyauta da aka gina a kan ImageJ, tana buɗe su duka ta Bio-Formats. Ka mayar da kwafin aiki zuwa TIFF mai bit 16. JPEG ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan, domin matse hoton da yake yi yana cakuɗa yashin fiksel da na maƙwabcinsa. Idan ta WhatsApp za a turo maka, a ɗaure su a zip a turo a matsayin fayil, kada a turo su a matsayin hoto.

Duba girman fiksel a bayanan fayil. Kyamara mai fiksel na maikromita 6.5 a bayan gilashi mai ninki 100 tana ba da nanomita 65 a kowane fiksel. Idan wannan lamba ta ɓace a hanya, duk awon da za ka yi nan gaba ya tashi a banza.

Sunayen fayil kuma a yi su da haruffa marasa ƙugiya, babu é, babu ƙ ko ɗ, babu sarari. Rana, lambar samfur, irin magani, lambar fili, a raba su da layin ƙasa. Idan jinin marasa lafiya ne, sunan mutum ba ya shiga sunan fayil, kuma ka tabbata izinin kwamitin ɗa'a ya haɗa da ɗora hotunan a intanet.

Mataki na 2: gwada halin yashin

Wannan gwaji minti biyar ne, kuma shi ne yawancin mutane ke tsallakewa. Zaɓi wani yanki na hoton da babu komai sai duhu, fiksel 256 a 256, ka yanko shi, ka cire matsakaicin haskensa. A Fiji ka shiga Process, FFT, FD Math, ka sa yankin ya gwada kansa da kansa ta Correlate. Idan ɗigo ɗaya tak mai haske ya fito a tsakiya, sauran duk duhu, yashin kowane fiksel zaman kansa yake yi. Idan ɗigon ya ja wutsiya hagu da dama, kyamara na da yashin layi. Idan kuma ya yi faɗi ya kumbura, ko zobba sun kewaye shi, an riga an sarrafa hoton kafin ya iso gare ka: an haɗa SIM, ko an faɗaɗa shi, ko an matse shi. Rubuta abin da ka gani, da shi za ka yi zaɓi a mataki na gaba.

Idan kana da hanyar magana da mai na'urar, roƙe shi hotuna ɗari da aka ɗauka murfi a rufe, babu haske. Matsakaicinsu shi ne lambar da kyamara ke ɗorawa a kan kowane fiksel, sau da yawa wajen 100, kuma dole a cire ta kafin awon ƙarfin haske.

Mataki na 3: zaɓen raga

Kusan dukan ragogin nan a kan gini ɗaya suke, U-Net, wanda Olaf Ronneberger da abokan aikinsa suka fitar a Freiburg a 2015. Bambancinsu yana wurin abin da kake nuna musu lokacin horo.

Idan kana da tagwayen hotuna, fili ɗaya an ɗauke shi da ƙaramin haske an kuma ɗauke shi da isasshen haske, CARE za ka nufa. Martin Weigert da abokansa suka fitar da ita daga Dresden a 2018, kuma sun nuna an maido hotunan da aka ɗauka da foton ƙasa da na al'ada har sau 60. A ganina ita ce ta fi ba da sakamako mai kyau, ita ce kuma ta fi haɗari, domin siffar abin da ta gani a horo take koya. Ka horar da ita da lafiyayyun ƙwayoyi ka ba ta marasa lafiya, za ta ja su zuwa kamannin masu lafiya. Tagwayen kuma sai an ɗauke su a daskararren samfur, su hau kan juna fiksel da fiksel. Gocewar fiksel biyu ta isa ta sa raga ta koyi dishi-dishi.

Idan tagwayen duka biyu masu yashi ne, Noise2Noise ta 2018 za ta yi. Abin da ya maimaitu a hotunan biyu shi ne samfur, abin da ya sauya shi ne yashi.

Yawancinmu kuwa hoto ɗaya-ɗaya ne a hannunmu, babu tagwaye. Nan Noise2Void take shigowa, ta Alexander Krull da Tim-Oliver Buchholz da Florian Jug, 2019. Dabararta mai sauƙi ce: a rufe fiksel ɗaya, a ce wa raga ta faɗi ƙimarsa daga maƙwabtansa. Siffar samfur tana ratsa fiksel da yawa, saboda haka maƙwabta suna da labarinta. Yashin fiksel ɗin da aka rufe kuwa babu wanda ya san shi, sai raga ta faɗi siffar ta bar yashin. Ka ga amfanin gwajin mataki na 2. Idan yashin yana da alaƙa da na maƙwabta, raga za ta ɗauke shi siffa ce ta adana maka shi, har ta ƙara masa kyau. Ga yashin layi akwai StructN2V, wadda ke rufe layin gaba ɗaya. Ana samun waɗannan duka a tattare cikin manhajar CAREamics.

Hotunan STED da na samfurin da aka kumbura galibi suna karɓar Noise2Void. Hoton SIM da aka riga aka haɗa ba ya karɓa, domin lissafin haɗawa yana mayar da yashi ya zama zane mai kama da saƙa, kuma raga ba ta da hanyar gane cewa na bogi ne. Ga SIM ka nemi ɗanyun hotunan 9 ko 15, ka duba lafiyarsu da manhajar SIMcheck, sannan ka horar da raga mai tagwaye: ɗanyu masu ƙaramin haske a gefe ɗaya, haɗaɗɗen hoto na isasshen haske a ɗaya gefen. Tarin hotunan BioSR na 2021 haka aka tsara shi, kuma wuri ne mai kyau na koyon hannu.

PALM da STORM nasu daban ne. Kada ka share yashin hotunan kafin a lissafo ɗigogi. Manhajoji irin su ThunderSTORM da yanayin yashin suke ƙiyasta daidaiton kowane ɗigo, idan ka goge shi za su ba ka lambobi masu daɗin gani marasa tushe. Inda koyo mai zurfi ke da amfani a nan shi ne lokacin da ɗigogi suka cunkushe suna hawa kan juna. Deep-STORM ta 2018 da DECODE ta 2021 an yi su ne domin haka, kuma da hotunan kwaikwayo ake horar da su, waɗanda aka ƙera da bayanan kyamararka da siffar ɗigon haske na na'urarka. Don haka ka roƙi a ɗaukar maka hotunan ƴan ƙananan duwatsun gwaji masu ƙyalli, na nanomita 100, hawa-hawa ta zurfi.

Mataki na 4: rabon hotuna da horo

Raba hotunanka kashi uku: na horo, na dubawa yayin horo, wajen kashi 10 cikin ɗari, da na jarrabawa wanda raga ba za ta gani ba sai an gama. Rabon da samfur ake yin sa, ko da ranar ɗauka. Idan ka yanka hoto ɗaya ka sa rabi a horo rabi a jarrabawa, raga ta riga ta ga amsa.

Ba sai ka mallaki kwamfuta mai GPU ba, wato katin hoto da ke hanzarta horon raga. ZeroCostDL4Mic, wadda aka fitar a 2021, tarin littattafan aiki ne a Google Colab, ka cike gurabe ka danna, babu rubuta manhaja da kanka. Horon a injinan Google yake gudana, amma zaman kyauta yana da wa'adi, kuma yakan katse idan rezo ya daɗe da yankewa. Shirin da ya dace da nan shi ne: laftof cike da caji, waya a gefe da forfe a matsayin madadin rezo, sannan ka sa a riƙa ajiye ragar a Google Drive a kai a kai, domin in an ɗauke kuran ka ɗora daga inda ka tsaya. Kada ka ɗora dukan hotunanka. Hoto mai fiksel 2048 a 2048 a bit 16 megabait 8 ne, ashirin daga cikinsu megabait 160, kuma sun ishi Noise2Void. Idan an gama horo ka sauke ragar, wadda ba ta da nauyi, ka share yashin sauran hotunan a kwamfutarka ko da a hankali ne. Ɗanyen fim ɗin STORM kuwa, hotuna 10,000 masu 512 a 512, ya haura gigabait 5. Wannan a faifai ya kamata ya zo.

Mai GPU a laftof ɗinsa ya kula da zafin Afrilu da Mayu. Inji in ya yi zafi rage gudu yake da kansa. Horon dare ya fi, a ɗaga laftof daga kan tabarma ko katifa, a kuma busa ƙurar hunturu da ta toshe fankarsa.

Ga Noise2Void fara da yankuna masu fiksel 64 a 64, ka bar sauran saituna yadda suka zo. Juya hotuna da kifa su yana ninka abin horo sau 8, amma ka kashe shi idan yashinka na layi ne, don kada layin kwance ya koma na tsaye. Sa ido a kan layuka biyu na kuskure da ake zana maka. Muddin suna sauka tare, lafiya. In na horo ya ci gaba da sauka, na dubawa ya juya sama, raga ta koma hadda, tsaya nan ka ɗauki ajiyar da ta gabata.

Mataki na 5: tuhumar sakamako

Hoton da ya fito zai yi kyau. Kullum yana yin kyau, kuma kyan nan ba hujja ba ne. Ɗalibi zai zo da murna ya ce, "Malam, duba yadda ya fito tas!" Amsar da ta dace ita ce, "Madalla, to nuna mini abin da aka cire."

Ana ganin abin da aka cire ta Image Calculator a Fiji: ɗanyen hoto a debe sharerre, a zaɓi sakamako mai bit 32. Abin da ya rage ya kamata ya zama yashi zalla. Zai fi kauri a inda samfur ya fi haske, wannan daidai ne. Amma idan ka hango inuwar zare, ko gefen ƙwaya, ko ɗigogi a jere, raga ta haɗa da naman samfur ta yanke.

Sai gwajin ƙage, wanda na fi ba muhimmanci. A ce ƙullutun fatar jar ƙwaya kake nazari. Ɗauki hoton ƙwayoyin da cutar ba ta shiga ba, waɗanda aka yi wa rini iri ɗaya aka ɗauka da haske iri ɗaya, ka ba ragar. Ka buɗe shi kusa da na masu cutar, ka daidaita ma'aunin haskensu ya zama ɗaya, kada ka bar Fiji ta zaɓa wa kowanne nasa. Fatar lafiyayyar ƙwaya ya kamata ta fito sumul. In ka ga ƴan ɗigogi masu tsari sun bayyana a kanta, ragar ta koyi zana ƙullutu a duk inda ta ga yashi, kuma duk ƙirgar da za ka yi da ita ta gurɓace. Haka za ka ba ta fili maras komai, ka ga ko za ta haifar da wani abu daga duhu.

Idan kana da hoton isasshen haske a kason jarrabawa, lissafa PSNR da SSIM, ma'aunai biyu na kamannin hoto da hoto, tsakaninsa da sharerren. Suna da amfani wajen gwada raga biyu, amma matsakaicin dukan hoto suke bayarwa, kuma duhun bango ya fi yawa, saboda haka ƙaramin ƙage yana ɓuya a cikinsu. Gara ka ja layi ya ratsa wani abu da aka san girmansa. Maikrotubul, wani zare da ke cikin ƙwaya, faɗinsa nanomita 25 ne, da rigar rini mai hawa biyu yakan fito wajen 50 zuwa 60 a STORM. Ramin cibiyar ƙwaya da aka yi wa alama a furotin Nup96 zobe ne mai kusurwa 8, faɗinsa kimanin nanomita 107. In zare ya sirance bayan shara fiye da yadda na'urar za ta iya gani, raga ce ta fere shi. NanoJ-SQUIRREL, ta 2018, tana gwada hoton da na mikroskop na yau da kullum ta zana maka taswirar wuraren da suka saɓa.

Mai hali ya horar da raga uku zuwa biyar da hotuna iri ɗaya. Inda suka yi ittifaƙi ka samu natsuwa, inda suka saɓa ka san hasashe ne. Kuma kada ka auna kaifin gani da FRC, dabarar da ke gwada kamannin hotuna biyu na fili ɗaya, a kan hotuna biyu da raga ɗaya ta share. Za su yi kama da juna saboda hannu ɗaya ya taɓa su, kaifin gani ya fito da kyau fiye da gaskiya.

Mataki na 6: shata iyakoki

Yanzu sharerren hoto zai yi aikinsa. Ga abubuwa masu siffar ƙwallo, kamar cibiyoyin Plasmodium da ke ninkuwa a cikin jar ƙwaya kafin ta fashe a zagayen awa 48, StarDist ta 2018 ta dace, tana kuma da raga horarriya a cikin Fiji. Ga ƙwaya sukutum, Cellpose ta Carsen Stringer da Marius Pachitariu. Tarko ɗaya ne a nan: ragoginta na asali sun saba da ƙwaya mai faɗin fiksel 30, alhali jar ƙwaya a hoto mai fiksel na nanomita 25 ta kai fiksel 300. Ka gaya mata faɗin, ko ka rage girman kwafin hoton, ka shata, ka mayar da zanen girmansa na asali. Ga zare da saƙa, ilastik ta fi sauƙi: ka shafa launi biyu da hannu, wannan samfur wannan bango, ta koya nan take, ba ta neman GPU.

In horarriyar raga ta yi kuskure, gyara zanenta da hannu a hotuna kaɗan ka sake horar da ita a kansu. Cellpose tana da wannan a cikin tagarta tun fitowa ta biyu.

Sannan a jarraba ta da ƙirgar mutum. Mutum biyu su shata hotunan jarrabawa kowa shi kaɗai, ba tare da sanin wane samfur ne aka ba magani ba. A misali, a ce sun samu cibiyoyi 200, raga ta samu 190, kuma 180 daga ciki sun hau kan na mutane da aƙalla rabin faɗinsu. Ke nan ta tsallake 20, ta ƙago 10. Ka yi wannan lissafi daban ga kowane rukuni. Ragar da ke tsallake kashi 5 a rukunin da ba a ba magani ba, ta tsallake kashi 20 a wanda aka ba, za ta ƙera maka tasirin magani ko da ruwa ka zuba.

Mataki na 7: ɗora wa kwamfuta sauran

A Fiji buɗe Plugins, Macros, Record, ka yi aikin sau ɗaya a kan hoto ɗaya, duk abin da ka danna yana rubutuwa. Ka zuba rubutun a Process, Batch, Macro, ka nuna jakar shiga da ta fita. Jerin aikin shi ne: buɗe ɗanye, cire lambar kyamara, share yashin kwafi, shata iyaka a kan kwafin, koma ɗanye ka auna. A Set Measurements akwai gurbin Redirect to. Nan za ka zaɓi ɗanyen hoto, sai Analyze Particles ta ɗauki iyaka daga zane, ƙarfin haske kuma daga ɗanye. Mai Python zai yi haka da regionprops na scikit-image, ya ba ta ɗanyen a matsayin hoton haske. Dalili shi ne raga ba ta riƙe ƙimar haske daidai wa daida: takan danne mai rauni, ta ja matsakaici zuwa abin da ta saba gani.

Saituna ɗaya ga dukan rukunoni, raga ɗaya, babu gyaran hannu ga wani hoto shi kaɗai. Ka sa makiro ya ajiye ƙaramin hoto na kowane fili da zanen iyaka a kan ɗanyen, ka bi su da ido ko da sauri ne. A nan ake kama filin da ya fita daga saiti, ko wanda ƙura ta faɗa wa.

Ga wani abu da ke cin mutanenmu musamman. Fiji da Python da ɗigo suke rubuta gutsuren lamba, 12.5, su raba ginshiƙai da waƙafi. Kwamfutocinmu galibi da Faransanci aka saita su, Excel ɗinsu 12,5 yake jira. Sai ka buɗe fayil ka tarar da komai a ginshiƙi ɗaya, ko lamba ta zama rubutu, ko ma ta koma kwanan wata. Kada ka buɗe CSV da danna sau biyu. Shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai, ka faɗa masa alamar rabo da ta gutsure, ko ka wuce da shi R ko Python kai tsaye.

Wajen lissafin ƙarshe, ƙwayoyi 5,000 daga jinin mutum uku ba samfur 5,000 ba ne, uku ne. Fitar da matsakaicin kowane mutum ko kowane zubi, ka gwada rukunoni da waɗannan.

Abin da za ka rubuta a memuwar ko maƙala

Sunan raga da lambar fitowarta, yawan hotunan horo da inda suka fito, yadda aka raba su, girman yanki, yawan zagayen horo, sakamakon gwajin ƙage, da adadin da raga ta tsallake da wanda ta ƙago a kowane rukuni. Duk hoton da aka share a faɗa a ƙarƙashinsa cewa sharerre ne, a sa ɗanyensa a gefe da ma'aunin haske ɗaya da sandar awo. Ragar da ka horar, da makiro, da hotunan jarrabawa, ka ɗora su a Zenodo. Kyauta ne, yana karɓar har gigabait 50 a ajiya ɗaya, kuma zai ba ka lambar DOI da za ka sa a sashen hanyoyin bincike.